Yadda na cinye pil ɗin na'urorin bakin kogi

Har gobe ranar Alhamis ɗin nan ta watan Agusta ba ta fita raina ba, kuma ku sababbin shiga gara ku ji labarin daga bakina.

Lokacin ina teknisiya, mai kula da na'urori, a wani ƙaramin biro, wato ofis, a unguwar Plateau ta Yamai. Mun kafa ƙananan na'urori a bakin kogin Kwara, kusa da lambunan Yamai, suna auna tashin ruwa. Kowace tana da adireshinta na intanet kamar babbar ordinata, wato kwamfuta, amma pil biyu kawai, ƙananan batura, ke riƙe da ita. Don haka barci take yi kusan kullum. Sai ta farka, ta miƙa ɗan saƙo ga maƙwabciyarta, ita ma ta miƙa gaba, har ya kai wani akwati da ke da rezo, wato sabis ɗin waya. Idan ruwa ya haura, gargaɗi ya shiga wayoyin masu lambu. Cikinsu akwai Baba Sumana, wani dattijo Bazabarme mai lambun kabeji.

Wata rana shef ɗinmu, wato shugabar biron, Madam Ramatu, ta ce baƙi za su zo ganin aikin. Ni kuwa, da son a yaba mini, na sa ordinatata ta riƙa tambayar kowace na'ura duk minti ɗaya ko tana raye, yadda muka saba yi wa injinan biro. Allo ya yi kore shar, baƙi suka tafa, kaina ya kumbura. Madam ta ce, "Isufu, in sun tafi ka kashe wannan abin." Na ce to, na manta.

Kowace tambaya tana tada na'ura daga barci. Wadda ta fi shan wahala ita ce ta kusa da akwatin, domin saƙon kowa ta kanta yake bi. Pil ɗin da ya kamata ya shekara ya ƙare cikin 'yan makonni. Da ta mutu, sauran suka rasa hanya. Na ga allo ya yi ja, na ce rezo ne, ai damina ce, zai dawo.

Ranar Alhamis ɗin ruwa ya taso da hantsi. Baba Sumana yana wajen suna a Zongo, wayarsa a aljihu, shiru. Kafin ya koma, ruwa ya shanye fangalinsa, ya tafi da injin ban ruwansa.

Washegari na je wajensa. Na gaya masa gaskiya, laifina ne. Da ma ya zage ni, da na ji sauƙi. Sai ya ce, "Ɗana, da can sanda nake kafawa a bakin ruwa, ina dubawa safe da yamma. Da kuka zo kuka ce waya za ta faɗa mini, na bari."

Kunya ta rufe ni.

Abin da na koya shi ne, waɗannan na'urori ba injinan biro ba ne, duk amsar da suka ba ka daga ƙarfinsu take fita. Kuma duk wanda ka ce ya dogara da aikinka, ka raba shi da tasa dabarar ke nan.

Mun canza pil, mun gyara komai. Da muka koma sabunta lambobin waya, Baba Sumana ya tarbe mu da fara'a, ya ba mu ruwa muka sha, sannan ya ce a cire tasa.