Dutsen Guga Mai Huci

A shekarun da ma'aikatun gwamnati suke ta tasowa daga Legas zuwa Abuja, Suleja ta cika maƙil da baƙi, mu ma muna cikinsu. Maigidana akawu ne a wata ma'aikata, kullum da sassafe yake bin bas ya tafi. Ni kuma ina gidan haya, ciki da falo, ban daɗe da tarewa ba. Da dutsen gawayi nake yi masa guga. Sai na hura wuta, na yi ta fifita, na guntsi ruwa na fesa wa riga, hannu duk toka. Da duk wannan wahala, wata rana tartsatsi ya huda masa farar shadda daidai aljihu.

Wata Juma'a da yamma ya shigo da kwali a hammata, yana ta murmushi.

"Buɗe ki gani," in ji shi.

Dutsen guga ne na lantarki, fari da ratsin shuɗi, ba nauyi ko kaɗan. Ƙasansa da 'yan ƙananan huji, samansa da ɗan murfi.

"Nan ake zuba ruwa. Shi da kansa yake fesa tururi, kin huta da guntsar ruwa."

Na daka tsalle har ɗankwalina ya zame. Sai a lokacin na tuna surukata tana zaune a falon. Inna muke ce mata. Daga Gawu ta zo, domin washegari za a yi sunan jikanta a Maje, ɗan ƙanwar maigidan. Ta leƙo cikin kwalin, ta ja baya.

"Ruwa da lantarki a wuri guda? Kai ɗan nan, da hankalinka? Ku fitar mini da shi waje."

Ranar babu wuta, don haka ba a gwada ba. Ni dai ban iya zama ba. Ina cikin tuƙa tuwo sai na koma na ɗaga murfin kwalin na sake kallonsa.

Da safe muna karyawa sai yaran gidan suka ɗauki ihu: "An kawo wuta! An kawo wuta!" Na ajiye kofin koko na ruga ƙofar maƙwabciyata. Ma'aikaciyar jinya ce 'yar wajen Jos, kowa Sista yake ce mata, kuma ban taɓa ganin fararen kayanta da ko lanƙwasa ɗaya ba. Ta fito tana ɗaura agogo.

"Amarya, lafiya?"

"Sista, zo ki ga abin da aka kawo mini!"

Ta zo, ta juya shi a hannu, ta ce irin nata ne sak. Na shimfiɗa bargo a kan tebur, na ɗebo ruwa a randa, sai ta riƙe mini hannu.

"Wannan na rijiya ne ko? Kar ki sa. Zai toshe hujin, wata rana ya tofa miki tsatsa a farin kaya. Kawo na sama, wanda kuka tara a duro."

Na tace shi da ƙyalle na kawo. Ta nuna mini layin da ruwa bai kamata ya wuce ba. Ta ce kullum a zuba ruwa tukuna kafin a jona, kuma in ya ƙare ana cikin aiki, a cire daga soket sannan a ƙara. Ta sa na goge hannuna ƙarau, ta sa na sako silifas. Da aka jona, wata 'yar jar fitila ta kama. Ta ce in jira ta mutu, lokacin ne ya yi zafi.

Da mayafina muka fara, ta rage zafin sosai don yadin ba shi da kauri. Sannan ta murza ta ƙara zafin, muka hau babbar rigar maigidan, ta juya ta bai-bai don kada aikin wuyan ya kwanta ya yi sheƙi. Ta ce in danna maɓallin sama. Na danna.

Fuuu! Tururi ya tashi fari.

"A'uzubillahi!" Inna ta miƙe tsaye da carbinta. Ni kuwa dariya nake. Inda dutsen ya bi, shaddar ta kwanta sumul, shafa ɗaya tak. Na kai fuska kusa in ga inda tururin yake fitowa, Sista ta janye ni.

"Tururin nan ya fi ƙarfen dutsen ƙuna, kin ji? Akwai wanda aka kawo mana asibiti, ya ce zai gyara kwalar riga tana jikinsa. Kuma in za ki ajiye, tsayar da shi a kan gindinsa, kar ki kifa shi ko na ɗan lokaci."

Ta duba agogo ta wuce aiki. Na ci gaba ni kaɗai, ina ji kamar kada kayan su ƙare. Can sai na ji an ajiye wani abu a gefena. Zanen Inna ne da mayafinta na unguwa. Inna ta koma ta zauna, amma kusa da tebur wannan karon.

Ina kan gefen ƙarshe na zanen aka ɗauke wuta. Da sauran zafin na ƙarasa. Muka shiga shiri a gurguje, ga wanka, ga ɗaurin ɗankwali, ga tasin da maigidan ya ɗauko tana ta hon a waje.

Mun fita daga gari, mun fara ganin gonaki, sai na zabura.

"Malam, dutsen nan! Ban san ko na cire shi ba. In aka dawo da wuta fa? Ga bargo a kan tebur!"

Maigidan ya juyo daga gaba, ido waje. "Direba, tsaya!"

"Ba inda zai tsaya," in ji Inna. Ta buɗe jakar da ke cinyarta, ta ɗaga wani tawul. Ga dutsen nan kwance, an naɗe masa wayarsa tsaf.

"Inna! Ku kuka ɗauko shi?"

"To da wa? Kina can kina fama da ɗankwali. Na kashe soket, na kama kan na zare, ban ja wayar ba. Na bari ya huce, na juye ruwan. Duk abin da yarinyar asibitin nan take yi ina kallo."

Maigidan ya ce, "To amma Inna, Maje za mu, gidan ko wuta ba su da ita."

"Na sani. Gani za su yi."

Gani kuwa suka yi. Bayan an ci tuwon suna, ta fito da shi tsakar gida, mata suka yi ta karɓa hannu-hannu. Wata tsohuwa ta yi ta neman ƙofar zuba gawayi. Inna ta miƙa musu gefen zanenta su taɓa, tana kumbura kumatu tana yi musu kukan tururin, ana ta shewa. Mai jegon ma sai da ta fito ta leƙa.

Da niyyar komawa Gawu ranar Litinin Inna ta zo, amma sai da ta ƙara mako. Da an ji ihun yara an kawo wuta, za ta riga ni zuwa tebur, ta goge hannu, ta zura silifas ɗina. Da kayan sawa suka ƙare ta koma kan rigunan filo da labulen ƙofa, ni kuma ina gefe ina tace mata ruwa.