Mai Sunan Ladani

A tashar Magariya wata tsohuwa tana bin direbobin da suke dawowa daga arewa. Mayafinta ya koɗe, kuma tana riƙe da ƙullin ƙuli-ƙuli da hannu biyu. Ɗanta take cigiya, wanda ya tafi Aljeriya neman aiki, labarinsa ya yanke.

"Inna, mene ne sunansa?" in ji wani direba.

Ina tsaye kusa da su, ina ganin tana sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ina tsammani, domin kunya ta hana ta ambatonsa ko a wannan hali.

"Mai sunan ladanin Manzon Allah ne," in ji ta. "Ubansa Ilyasu."

Direban yana dariya. "Haba Inna, ni ba malami ba ne!"

Sai na matsa na faɗa a madadinta: Bilalu Ilyasu. Wannan suna ne na wanda muryarsa ta tara mutanen Madina ga salla, na kuma ji malamai da sadaukai da suka ɗauke shi bayansa. Amma a tashar nan kowa yana girgiza kai.

Tana gode mini, tana gyara ƙullin da ta tanadar wa ɗanta, sannan tana nufar mota ta gaba.