Irin Geron da Aka Binne

Kwamfutar ta hannu ce, na saye ta a shagon wani ɗan kudu a nan Daura, da wani wasa a cikinta. A wasan, duniya ce bayan yaƙi ya cinye komai: garuruwa sun zama kufai, ruwan rijiya ya zama guba, 'yan tsirarun da suka rage suna tsintar abin sawa a baki. Ni ne shugaban wani ɗan zango, ni ke yanke wa jama'a hukunci. Abin yana yi mini daɗi ƙwarai, don a gidana ko tashar rediyo ba ni ke zaɓa ba.

Ana nan sai Baba ya zo daga ƙauyenmu na wajen garin Babban Mutum don a duba masa ido. Da ya tarar da ni a zaure bayan la'asar ina ta danne-danne, kallo ɗaya ya yi mini.

"Gemu ya fito, hankali bai fito ba," in ji shi. Amma ya jawo tabarma ya zauna, har ya ce in ƙara masa haske.

A ranar jama'ata sun tsinci buhun iri a wani rusasshen sito. A zangon kuwa akwai wata yarinya da yunwa ta kwantar, ta rame kamar sillen kara. Wasan ya ba ni zaɓi: in dafa irin a ba ta, ko in ajiye shi har damina. Na fassara wa Baba, hannuna ya riga ya nufi dafawa.

"Kada ka taɓa iri," ya ce.

"Haba Baba, wasa ne fa."

"Na ce kada ka taɓa. Wanda ya ci iri ya ci 'ya'yansa."

Muryarsa ta sauya, ba ta mai zolaya ba ce. Na bi umarninsa. Gari ya waye a cikin wasan, sai ga mutanen zango sun fito da yarinyar a naɗe cikin bargo. Ban zaci waɗanda suka ƙirƙiri wasan za su yi wannan rashin imani ba. Don in sassauta abin na ce, "Ba komai Baba, ana iya komawa baya a sake zaɓe."

Ya juyo da idonsa mai lafiya gare ni. "Ana komawa?"

Nan ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba, ni da na ɗauka na san kowane kabari na gidanmu. Ashe yana da ƙanwa. A wata shekarar yunwa, yana yaro, kakana ya zuba irin gero a tulu, ya liƙe bakin da laka, ya binne a ɗaki, ya shimfiɗa tabarma a kai. A kan tabarmar nan Baba yake kwana, a kanta ƙanwarsa ta yi jinya. Ya san abin da ke ƙasa, kowa a gidan ya sani, ba wanda ya tona. Ta rasu ana saura kaɗan ruwa ya sauka.

"Shi muka shuka," ya ce. "Kowace shekara daga shi muke cire iri. Geron da nake aiko maka, jikan wancan ne."

Wallahi sai na tuna tuwon da na ci da rana, na geron nan ne.

Ya matso kusa da kwamfutar har hularsa na taɓa kafaɗata.

"Koma bayan. Dafa mata."

Na koma. Na dafa. Gari ya waye, yarinyar ta tashi zaune, ta riƙe kwano da hannu biyu tana sha. Baba ya zuba mata ido, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Can hadari ya fara haɗuwa a sararin wasan, mutanen zango suka nufi gona da buhun da babu komai a ciki.

Ya dafa hannuna.

"Kashe shi haka nan," ya ce. "Kada ka nuna mini damina."