Fitilu Uku a Kan Akori-kurata

Shekarar da na bar koyarwa na sayi akori-kura ta hannu, tun muna cikin jihar Kaduna. Ban iya tuƙi ba, sai na ba taubashina makullin, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda ya daɗe yana jan motar wani Alhaji a Funtuwa. Ya girme ni da shekara biyu, amma Malam yake ce mini. Aikin motar kwasar auduga da masara daga ƙauyuka zuwa Funtuwa. Ni ina Malumfashi, ita kuwa tana kwana a ƙofar gidansa a Dayi, don da asuba ake lodi. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: ban da tafiyar dare.

Wata uku da farawa ya same ni a zaure.

"Malam, motar nan tana son ƙarin fitilu. Biyu a kan ƙarfen sama, ɗaya kuma tana kallon baya."

"Me ka ajiye a bayan da kake son gani?"

"Lodi mana. A duhu muke ɗaure buhuna, da tocila a baki."

Maganarsa da ma'ana, amma ba ta kwanta mini ba. Mutumin da ba ya tafiyar dare, me zai yi da hasken da ya ishi tasha? Na ce a sa, amma da ni za a je.

Mai wayarin ɗin da muka kai wa motar Bayarabe ne haifaffen Funtuwa, Hausarsa ta fi tawa gudu. Na san rumfarsa cike take da tsofaffin batura, shi ya sa kafin mu baro gida na sa ƙusa na yi wa namu alama a gefe. Na zauna a benci inda nake ganin hannunsa, ko ruwa ban tashi sha ba.

Ya huda ƙarfen sama ya ɗaure fitilun. Ya jawo jar waya mai kauri daga batir, ya bi da ita ta gefen inji, duk inda za ta gogi ƙarfe ya naɗe da baƙin salatif. Wata gajera kuma ya kankare fenti ya ɗaure ta a jikin motar. Kusa da batir ya yanka jar wayar ya sa wani ɗan gida na roba.

"Wannan fa? Ban ce a sa ba."

"Fis ne, Malam. In waya ta haɗu, shi zai ƙone, ba motarka ba."

Na gyaɗa kai. Amma da aka zo kan makunni, na ga taubashina ya sunkuya ya yi masa raɗa, suka yi dariya. Sai aka ɗaure makunnin can ƙarƙashin sitiyari, inda ido ba ya kaiwa. Na tambayi dalili, taubashina ya ce fasinjoji ba sa barin abu in sun gan shi. Kafin mu tafi na duba batir, alamata tana nan. Duk da haka raɗar nan ta biyo ni gida.

Bayan mako biyu na ga ɓawon albasa a bayan motar, alhali ba mu taɓa ɗaukar albasa ba. Sannan wani mai sayar da taki ya ce mini ya ga mota mai fitilu a ka, a hanyar Musawa bayan isha'i.

"Taka ce, ko mai kama da ita, ban dai rantse ba."

Da na tambayi taubashina kai tsaye, da an wuce wurin. Ban tambaya ba. Ranar da ya zo gidana yana cin tuwo a zaure, na fita na ɗaga bonet, na zare fis ɗin na sa a aljihu. Na ce a raina, in da gaske lodi kawai yake yi, zai koma wa tocilarsa ya yi shiru har mu haɗu. In kuwa ya zo da gaggawa, na san akwai abin da yake yi.

Kwana ɗaya ya yi. Washegari da hantsi ya iso, ransa a ɓace.

"Shiga mu je Funtuwa, Malam. Mutumin nan ya cuce mu, ko wata ba a yi ba fitilun sun mutu."

Har muka isa ina neman yadda zan faɗa masa ni na cire fis ɗin, ban samu ba. Yana sauka ya fara faɗa, masu faci da makanikai suka taru. Mai wayarin ya nufi motar. Ya ɗaga bonet, ya buɗe ɗan gidan robar, ya nuna mana babu komai ciki.

"Fis in ya ƙone, a nan ake samunsa. Wannan hannu ne ya cire shi."

"To hannun wa? Kai ne ka sa mana sakakke!"

Taubashina ya ci kwalarsa, mutane suka shiga raba su. Ganin za a daki mutumin da bai yi komai ba, na sa hannu a aljihu na fito da fis ɗin.

Mai wayarin ya karɓa, ya hure shi, ya mayar, ya kunna. Fitilun uku suka kama da rana tsaka. Ya ce, "Allah ya kyauta, Malam," ya koma kan aikinsa.

A hanyar dawowa, da muka kusa Malumfashi, taubashina ya tambaye ni.

"Me kake zato nake yi da motarka?"

Na faɗa masa batun albasa da hanyar Musawa. Bai musa ba, bai kuma amsa ba. Ya tsaya a ƙofar gidana, ya goge sitiyari da hularsa, ya miƙo mini makulli, ya tafi tasha da ƙafa.

Motar ta yi kwana goma sha biyu a ajiye, ana tsakiyar cin kasuwar auduga, kafin na samu wani direba. Gwaggona, mahaifiyarsa, ta aiko a kira ni, ta yi mini faɗa har ta gaji, ita ma ba ta ce komai a kan albasar ba. Taubashina ya koma jan tirela. Muna haɗuwa a suna da jana'iza, mu gaisa hannu biyu, ya tambayi iyali in tambayi nasa. Wasan taubasantaka dai tun ranar bai ƙara yi da ni ba.