Kaskon Garwashin Sanusi

Ranar Alhamis, kwana uku da haihuwar ƙanena Sanusi, a hunturun shekarar da na shiga aji huɗu, aka damƙa mini kaskon wuta. Bakwaini aka haife shi a ƙauyenmu da ke kusa da Lambara, ɗan mitsitsi, kukansa ma sai an kasa kunne. Ungozoma ta ce in dai sanyi bai kama shi ba har arba'in, to ya tsira da yardar Allah. Itacen da Baba ya ɗauro a jaki kuwa na dafa ruwan wankan jego ne, ba a taɓawa. Rabona shi ne garwashin da ya rage a ƙarƙashin tukunya, da shi zan ɗumama ɗakin mahaifiyata safe da yamma.

Ni kuwa da rawar kaina na raina wannan garwashi. Da magariba na kwaso karan dawa na lafta a kasko, wuta ta tashi bal-bal, ina ta jin kaina. Kafin a idar da salla ta cinye karan ta mutu, ta bar ɗaki da hayaƙi, Sanusi yana wani irin tari da har yau ba na son tunawa. Inna, kakarmu, ta shigo ta fitar da kaskon, ta kama kunnena. "Ke ɗiyar ga, mi kinka yi? Ɗumi nic ce ki ba shi, ba gobara ba!" Na yi kuka, na kuma rantse a raina yaron nan ba zai sake tari ta dalilina ba.

Washegari ta zaunar da ni ta koya mini. Garwashi sai ya nuna jawur a tsakar gida, hayaƙinsa ya ƙare, sannan ya shiga ɗaki. A barbaɗa masa toka sama-sama. "Ki lulluɓe shi da habɗi, shi ka sa shi daɗe," in ji ta. Na toshe ƙasan ƙofa da tsohon buhun albasa, na saki asabari, amma 'yar tagar sama Inna ta hana ni taɓa ta, don wuta da jariri duk suna buƙatar iska. Babbar dokarta ita ce kada a bari bango ya huce, domin ɗakin da ya yi sanyi sai ya ci garwashi ninki biyu kafin ɗuminsa ya dawo.

Haka na yi kwana talatin da shida. Na daina zuwa wasan gaɗa, na sha bulalar latti a makaranta, yatsuna duk tabon ƙuna. Ranar arba'in Sanusi ya tsala ihun da har maƙwabta suka ji.

Bara shi da kansa, ƙato da gemu, ya zo gidana a Bodinga ya kafa mini na'urar nan ta bango mai ba da sanyi da bazara, ɗumi da hunturu. Yana ta yi mini bayani: kada in ƙure ta, in bar ta ƙasa-ƙasa tana aiki, in rufe ƙofa, in riƙa wanke rariyarta. Na ƙyale shi ya gama. Inna ta daɗe da rasuwa, ina kuwa kewarta.

"Sanusi," na ce, "a kanka na koyi wannan karatun."