Facin da Na Yi wa Jirgin Feshi

Cikin duk ranakun da na yi ina aiki, wadda ta ƙi fita daga kaina ita ce ranar da aka ɗora wutsiyar jirgin sama a kan sikelin auduga, a bayan garin Funtuwa, ana shirin korar bawan Allah saboda ɗinkin da ni na yi. Yaran shagona sun gaji da jin labarin nan, shi ya sa na ce bari in rubuta shi, ku ma sauran teloli ku samu rabonku na gajiya. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri. Aji uku na yi a elementare ta Malumfashi, a na huɗu malaminmu ya ce in koma in taimaki babana, wai ƙasa za ta fi amfana da ni a can.

Shekara ta uku ce bayan samun mulkin kai. Wani kamfanin auduga da ke da gonar gwaji a kan hanyar Dandume ya sayo tsohon jirgi mai inji ɗaya, irin wanda aka ce an koya wa sojoji tuƙi da shi tun zamanin babban yaƙi. A warwatse aka kawo shi cikin taragon jirgin ƙasa. Nufinsu a gyara shi ya koma jirgin feshi, don tsutsa tana cinye auduga tun tana ƙwallo, kuma masu feshi da famfon goyo ba sa iya gama gonar kafin ta yi ɓarna.

Ku da kuka san jirgin alhazai kaɗai za ku ce me ya kai tela wurin jirgi. To, wannan jirgin ƙashinsa katako ne da siraran ƙarafa, fatarsa kuwa yadi ce, ɗan'uwan alawayyo, sai dai ya fi shi ƙarfi. Tsohon yadin duk ya ruɓe, yatsa ma huda shi yake yi. Aka shiga kasuwa neman telan da ɗinkinsa ba ya warwarewa. Aka nemi mutum uku, biyu suka ce su ba za su ɗinka abin da zai tashi da rai a ciki ba. Na ukun ba shi da wayo, shi ne ni, Iro Tela.

Ga yadda muƙamai suke a rumfar kwanon da muke aiki. A sama akwai injiniya, wani Bature da muke kira Mai Lofe, don kullum lofensa na bakinsa amma bai taɓa kunna shi a rumfar ba. Yana jin Hausa, irin wadda ake yi da ƙyar kamar ana hawan tudu. Ƙarƙashinsa akwai Ndagi mai walda, Banufe, an haife shi a nan Funtuwa, babansa mai ƙirar tagulla ne. Sai ni. Sai leburori huɗu masu ɗagawa da turawa. Ni dai a wurin matata injiniya nake, ba ta taɓa zuwa ta bincika ba.

Kun san tsakanin Bakatsine da Banufe. Kowace safiya sai na ce, "Bawana, an tashi lafiya? An ba ka abinci kuwa?"

Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, mai allura. Wando nawa ka ɓata wa mutane jiya?"

Aikin Ndagi shi ne ya cire kujerar gaba ya kafa tankin magani a gurbinta, ya ja bututu a ƙarƙashin fukafukai, ya haɗa wani ɗan famfo mai 'yar farfela wanda iska ke juyawa. Aikina in shimfiɗa yadi a kan haƙarƙarin jirgin, in ɗinke shi da basilla mai tsawon kamu guda da zaren da aka shafa wa kakin zuma. Kowane ɗinki da ƙullinsa, kuma tazarar da ke tsakani sai an auna da rula. In an gama sai a shafa wani ruwa mai kauri da wari, dof suke ce masa. In ya bushe, yadin ya ɗame har ka buga ka ji kamar ganga. Dof ɗin nan ya fi kananzir son wuta. Saboda haka Mai Lofe ya kafa doka guda: duk wanda ya kunna wuta a cikin rumfa, ko walda ko ashana, ya kwashe kayansa, kuma babu takardar shaida.

Akwai wani abu da suka taɓa yin gardama a kai. Ndagi ya ce filin da jirgin zai riƙa sauka duk kunya ce da gargada, a bar shi ya ƙarfafa wutsiyar da guntun sifirin na mota. Mai Lofe ya ce a'a, nauyin wutsiya ba a wasa da shi, in ta rinjayi gaba jirgi zai ɗaga hanci ya faɗo. Ndagi ya yi ta ƙunƙuni kwana biyu, sannan ya haƙura.

Muka gama aikin wata ranar Jumma'a cikin watan Agusta. Da hantsi aka auna jirgin, sikeli ɗaya a kowace taya, na uku a wutsiya, Mai Lofe ya rubuta awon da alli a jikin allo. Muka tafi masallaci muka bar shi shi kaɗai. Washegari ya wuce Kaduna neman takardar izini da matuƙin da zai gwada jirgin.

Da safen nan na tsuguna ina duba ɗinkina, kamar yadda kowane tela ke yi in mai kaya ba ya kusa. Sai na ga 'yan ƙofofi a ƙasan wutsiya, guda shida, kowace kamar ƙwayar gujjiya, bakinsu a ƙone. Na tuna ranar Alhamis ruwa ya koro Ndagi daga waje, ya shigo bakin rumfa ya ƙarasa wata 'yar walda lokacin da Mai Lofe ya tafi cin abinci. Na yafito Ndagi da hannu.

"Bawana, zo ka ga abin da tartsatsinka ya yi wa rigar ubangidanka."

Ndagi ya durƙusa ya leƙa. Baƙin mutum ne, amma sai da na ga ya yi fari. "Innalillahi. Iro, can nesa fa na tsaya."

"Tartsatsi ya san nesa?"

"Amma dubi yadda suke a jere."

Na ce, "Tartsatsin Banufe ne, ko shi tsoron Bature yake, shi ya sa ya bi layi."

Bai yi dariya ba. Yana da mata da 'ya'ya biyar, ga tsohuwarsa a gidan, kuma ya san dokar. Ya ce, "Ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka."

Ni kuwa dama abin da nake jira ke nan. Da ma tela ba ya ganin huda ya yi barci. Na yanko 'yan ƙyallaye shida, na zagaye bakinsu, na liƙa da dof, na bi da fenti. Wallahi ban taɓa yin faci mai kyau irin wannan ba, ni da kaina sai na shafa nake gane wurin. Ndagi ya sayo mini goro fari guda biyu, na ce a gaban leburori harajin bawa ne, ba su san dalili ba.

Da yake an riga an ɗaura fukafukai, jirgin ya cushe rumfa, dole aka tura shi waje aka rufa masa tamfol a kan inji da kujera. Sai marka ta sauka. Kwana goma sha biyu ana ruwa, wani da iska, tamfol ɗin nan ya yaye mu mayar, ya yaye mu mayar. Mai Lofe ya dawo a kwana na goma sha uku tare da matuƙi, wani siririn mutum marar magana. Matuƙin ya zagaya jirgin sau biyu yana ƙwanƙwasawa, sannan ya ce shi ba ya hawa jirgin da bai ga awonsa da idonsa ba.

Aka jawo sikeli. Tayoyin gaba suka ba da kusan abin da ke jikin allo. Da aka zo wutsiya, allurar sikeli ta wuce inda ta tsaya da, ta ci gaba da tafiya. Mai Lofe ya sa aka sauke aka sake ɗorawa. Haka dai. Ya cire lofe daga bakinsa, abin da ban taɓa gani ba, ya juya wajen Ndagi.

"Ndagi. Ni ya ce babu ƙarfe a wutsiya. Kai ka sa ƙarfe?"

"Ranka ya daɗe, ban sa ba."

"To nauyi daga ina? Ni ya tafi, jirgi daidai. Ni ya dawo, jirgi ya yi ƙiba. Wane ne yana so ƙarfe a nan? Kai."

"Na rantse ban taɓa wurin ba."

Mai Lofe ya ce ba zai tsaya gardama ba. Da matuƙin nan ya tashi a haka, da yanzu gawarsa ake nema a cikin dawa. Ndagi ya tattara kayan aikinsa, gobe za a farke wutsiyar a gani, amma shi ya gama aiki a nan.

Lokacin nan ina riƙe da gefen wutsiyar tare da leburori, za mu sauke ta daga sikeli. Da muka karkata ta sai na ji wani abu ya motsa a ciki, ƙulum, irin ƙarar tulu in mai ɗauka ya yi tuntuɓe. Na ɗora tafin hannuna a ƙasan yadin, na ji sanyi, na ji ya yi ciki. Daidai kan facina. Aji uku ya ishi mutum ya gane ruwan da ya shiga ta sama yana neman ƙofar fita ta ƙasa.

Na dubi Ndagi, yana naɗe tiyon walda, bai ko kalle ni ba. In na yi shiru, shi zai tafi yau. In na yi magana, sai an tambayi dalilin facin, dalilin kuwa waldar cikin rumfa ce, wadda ita ma kora ce. Ta kowace hanya Banufen nan ya shiga uku, bambancin kawai a ta biyun za mu tafi tare. Na ce a raina to, ai ubangida ba ya barin bawansa ya yi tafiya shi kaɗai.

Na zaro basilla daga hulata, na ce wa Mai Lofe, "Ranka ya daɗe, a ɗan matsa baya." Bai matsa ba. Na soka ta a facin farko na zare. Ruwa ya tsinke tsiriri, ja da tsatsa, ya sauka a kan takalminsa. Na bi sauran biyar ɗaya bayan ɗaya. Wani lebura ya tara garwa, sai da ta wuce rabi.

Mai Lofe ya kwanta rigingine a cikin caɓi, da farin wandonsa, ya daɗe yana kallon wurin. Da ya tashi ya ce, "Ina ƙofofi nawa? Ni ya huda shida, ranar Jumma'a, da ƙusa mai zafi daga kicin. Don ruwa ya fita. Wa ya rufe?"

"Ni ne."

"Don me?"

Na ce, "Tela ne ni, ranka ya daɗe, huda abin kunya ce a sana'armu." Na so in tsaya a nan. Amma Ndagi ya ajiye tiyo ya matso, ya faɗi komai da bakinsa, da ruwan ranar Alhamis, da waldar, har da goron. Ni ban so ya faɗi goron ba.

Mai Lofe ya tsaya goge caɓin wandonsa har na fara lissafin ta inda zan gaya wa matata an sauke injiniya. Sannan ya ce, "Iro yana ɓoye laifin Ndagi. Ndagi yana ɓoye laifin Iro. Mai kyau. To wa zai ɓoye wannan mutum in ya faɗo?" Ya nuna matuƙi. Can ya ƙara da cewa shi ma yana da nasa kason, tun da ya yi huda ya tafi bai gaya wa mai ɗinki ba.

Bai kori kowa ba. Ya ce wanda ya kawo laifinsa da kansa ba a korarsa a rumfarsa, wanda aka kama ya ɓoye shi ne zai tafi, kuma daga ranar ba zai ƙara taɓa komai a jirgin ba sai ya tara mu ya faɗi dalili. Hukuncinmu shi ne gyara. Na farke wutsiyar da hannuna, Ndagi ya kankare tsatsa ya shafa mai, aka canza katako biyu da suka sha ruwa, na sake ɗinki. Kwana takwas muka yi, tsutsa kuma ba ta jira mu ba, ta ci gefen gonar da ke kusa da rafi. Da aka zo huda, Mai Lofe ya miƙo mini ƙusar ya ce ni zan yi. Na huda ɗinkina sau shida, Ndagi na tsaye yana ƙirgawa da ƙarfi don leburori su ji.

Matuƙin nan marar magana sai a ranar gwaji ya sake buɗe baki. Ya ce a ƙasarsu wanda ya ɗinka jirgi shi ake fara tashi da shi. Na leƙa na ga tanki ya cinye kujerar, na yi wa Ndagi addu'ar da ban taɓa yi wa Banufe ba. Jirgi ya tashi, ya zagaya ta kan garin Ƙarfi ya dawo, ya bi gonar yana zubar da magani kamar yayyafi. Ndagi ya yi shekaru a wurin, daga baya ma aka tura shi ƙaro sani a kan injin jirgi, ya dawo yana yi mini Turanci.

To ku yara, abin da na koya bai da yawa. Mu mutanen nan mun iya rufa wa juna asiri, kuma ban ce a daina ba, da shi muke zaune lafiya. Amma akwai aikin da rai ke hawa kansa, a nan rufin asiri sai ya zama ka rufe wa wani ƙofar fita. Kuma in ka tarar da abin da wani ma'aikaci ya yi, ko da a idonka ɓarna ce, ka fara tambaya kafin ka nuna gwaninta. Ni har gobe a kan haka nake. Kwanan baya wani saurayi ya kawo wando a rage masa tsawo, gwiwoyin duk a yage. Yarona ya ɗauko ƙyalle zai yi faci, na ce dakata. Na tambayi saurayin, "Samari, wannan yagar da gangan ce ko kare ne?" Ya ce da gangan ce, Baba, haka ake yayi. Na ce a bar masa kayansa, wataƙila shi ma ta nan ruwa ke fita.