Ramin da ke ƙarƙashin kujerar baya

Shekarun baya, a shekarar da aka bi gidajen Zango ana shafa musu jan fenti aka ce mu tashi, ina da wata tsohuwar mota da nake taksi da ita. Koren fenti gare ta kamar sauran taksin Wagadugu. Ta gama ƙuruciyarta a Faransa kafin a turo mana ita. Ƙofar baya sai da dabara take buɗewa, amma ita ke ciyar da gidanmu.

Mun riga mun kwashe kaya a amalanken jaki zuwa filin da aka ba mu a bayan gari. Matata da yara sun tafi. Mutum ɗaya ya rage a gidan: mahaifiyata. Ta ƙi hawa amalanke.

"Kai wannan," ta ce mini. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. "Amalanken jaki shara yake kwashewa a garin nan. Tun ina amarya nake gidan nan, a nan na haife ku, daga nan aka fitar da gawar ubanku. Ba za a kwashe ni kamar shara ba. A motar ɗana zan fita."

Na ce to. Ba wani abu mai wuya ta nema ba.

Ana gobe katafila za ta shigo layinmu, na murɗa makulli da safe, mota ta yi tari ta mutu. Na sake murɗawa, na kasa kunne. Duk mai irin wannan mota ya san ɗan kukan da ke fitowa daga baya kafin inji ya tashi, kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Famfon mai ne ke yin sa. Ranar shiru na ji.

Laifina ne, ba zan ɓoye ba. Mu 'yan taksi ba ma cika tanki. Kwalba ɗaya a bakin hanya, a yi zagaye biyu, a ƙara wata. Shi kuma famfon a cikin tanki yake zaune, man ne ke sanyaya shi. Shekara uku ina barin sa yana shan iska da datti. Ya zaɓi ranar da zai rama.

Na cire kujerar baya, na yaye shimfiɗar ƙasa. Wasu motocin akwai murfi a wurin, ka kwance shi ka zaro famfo. Tawa babu. Ƙarfe ne shafe. Wanda ya ƙera ta bai yi tunanin za ta tsufa a hannun talaka ba.

Hanya biyu ke nan. Ko dai ka ɗaga motar, ka shiga ƙarƙashinta, ka kwance ɗamarar ƙarfen da ke riƙe da tanki, ka sauke shi ƙasa. Ko kuma ka yi yadda kanikawan Zango suke yi: ka fasa taga a ƙasan motar daidai saitin famfo, da kurfi da guduma, a hankali, da jiƙaƙƙen tsumma a gefe. Na leƙa ƙasa na ga notunan ɗamarar sun yi ja da tsatsa, gishirin da Turawa ke zuba wa titi lokacin ƙanƙara ya cinye su. Na ce ba zan ɓata yini a kansu ba. Na ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa, na yi kirdado, na ɗauki alli na zana murabba'i.

A nan abokina ya iso. Tare muka tashi a layi ɗaya. Shi ya yi lakkol, wato boko, ni ban yi ba. Yana aiki a wata masana'anta a Kosodo, kuma ba ya iya kai ƙarshen magana ba tare da ya tsoma Faransanci ba.

"Kurfi da guduma?" ya ce yana dariya. "Mutumina, wane zamani kake? Akwai injin yankan ƙarfe a ɗakina. Minti biyar, se fini."

Na ce, "Tanki ne a ƙasa."

"Ai babu mai a ciki. Kai da kanka ka ce ba ka taɓa cika shi ba."

"Wanda babu mai a ciki shi ke tashi da mutum. Kada ka taɓa. Zan je Kamsonge in nemo famfo, in na dawo ni zan fasa."

Ya ɗaga hannu biyu. "To, na ji. Dakor, shef."

Na ari keke na tafi. Sai da na shiga rumfa huɗu ta masu sayar da kayan tsofaffin motoci kafin na sami famfo irin nata. Na sa aka haɗa shi da batir a gabana, ya yi kuka, na naɗe shi a tsumma. Na yi azahar a can, na kamo hanya raina fari.

Tun daga bakin layi na ji ƙarar. Wanda ya taɓa jin injin nan yana cin ƙarfe ba ya mantawa. Na yar da keken na ruga.

Ga abin da na gani. Ya jawo waya daga shagon tela, wanda shi kaɗai ba a yanke wa wuta ba. Ya durƙusa a cikin motar, ya sa tabarau kamar likita, tartsatsi na tashi har rufi. Mahaifiyata kuma tana zaune a kan tabarma a inuwar motar, bayanta jingine da tayar baya, tana jan carbi. Tsakanin kanta da tankin bai kai kamu biyu ba. Warin esansi, man motar, ya cika wurin.

Na fizge wayar daga bango. Na ɗauki mahaifiyata cak kamar yarinya na kai ta zaure. Na dawo na jawo shi ta wuyan riga, na mare shi. Tabarau ya faɗi. Na ƙara masa.

"Me na ce maka?"

"Taimakonka nake yi! Lokaci nake rage maka!"

"Me na ce maka, don ubanka?"

"A kan zanenka na bi! Ga alli nan, kai ka zana!"

Mutane suka shiga tsakani. Tela yana cewa shi ma ya faɗa masa, wani dattijo yana salati. Na ture su na leƙa cikin motar. Tsakanin ƙasan mota da saman tanki yatsa ɗaya ne. Kurfi yana tsayawa inda ka tsayar da shi. Faifan inji ba ya tambaya. Ya yanke ƙarfen, ya yanke bututun mai, ya shiga tankin roba ya tsaga shi tsawon tafin hannu. Gefen tsagar ya narke ya yi baƙi. Har yau ban san abin da ya hana wutar kamawa ba. Allah ne kawai bai ƙaddara ba.

Kuma famfon ba ya ma ƙarƙashin ramin. Yana can gefe, kusan taƙi guda. Zanena ya kauce.

Na zagaye garin nan har la'asar sakaliya ina neman tanki irin nata, babu. Na je wurin masu liƙe bokiti da zazzafan ƙarfe, suka ji warin mai a hannuna suka ce in yi gaba. Wani bakanike ya ce in jefa famfon cikin jarka in ajiye a but, wurin kaya na baya, motar za ta tashi. Za ta tashi, gaskiya ne. Amma ban ciro uwata daga bakin wuta don in zaunar da ita a kan wata ba.

Washegari da hantsi muna jin katafila a layin bayanmu. Ƙura ta rufe masallaci. Na kira mai amalanke, wani Bamoshe, ɗan asalin ƙasar, da ya kwashe mana kaya. Na shiga na durƙusa.

"Inna, motar ba za ta tashi ba."

Ta riga ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa Idi da shi. Ta dube ni.

"Tayoyinta suna nan?"

Na ce suna nan.

"Ni ban ce sai ta yi ƙara ba. Cewa na yi a motar ɗana."

Ta fito ta buɗe ƙofar gaba da kanta ta zauna, ta ɗora carbi a cinya. Tela ne ya fara sa hannu a bayan motar. Sai dattijon nan, sai masu ɗaure kaya, sai mai amalanke ya bar jakinsa ya zo yana ce mata da yarensu, "Yaaba," wato kaka, "riƙe da kyau." Na shiga na kama sitiyari. Da na duba madubi sai na ga abokina a tsakiyarsu, kuncinsa a kumbure, ya sa kafaɗa yana turawa. Na so in fita in kore shi. Mahaifiyata ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Bar shi ya tura."

Haka muka bi layin daga farko har ƙarshe, ba ƙarar inji, sai numfashin maza da kukan tayoyi a kan tsakuwa. Tana ɗaga wa matan da suka rage hannu ta taga. Ba ta waiwayi gidan ba ko sau ɗaya. Da muka hau kwalta, inda Zango ya ƙare, ta ce a tsaya. Ta fito, ta dafa rufin motar, ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Daga nan na tare wata taksi ta ƙarasa da ita.

Bayan mako biyu na sami tanki a wani gareji a Pisi. Na jiƙa notunan nan da kananzir na bar su suka kwana. Huɗu ne kacal. Kafin azahar tsohon tanki yana ƙasa, sabo yana sama. Aikin da na guje wa ke nan. Saboda gudun sa na ɗauki alli.

Na yi shekara biyu ban yi wa abokina magana ba. Ranar jana'izar mahaifiyata ya zo ya kama makara, na bar shi. Yanzu muna gaisawa. Amma ko sifana ba na ba shi aro, kuma in ya fara "minti biyar" sai in tashi daga wurin.

Mutane suna cewa labarin ya ƙare da kyau, wai har ya fi daɗi da aka tura ta. Ni ban ga daɗinsa ba. Mace ta nemi abu ɗaya a wurin ɗanta, ƙato da shi, sai da maƙwabta suka haɗa gumi kafin ta samu. Na mari mutum sau biyu a gaban jama'a, kuma ya cancanta. Amma shi ya zo da inji ne kawai. Wurin yankan ni na nuna masa.

Ramin na rufe shi da guntun kwano da ƙusa huɗu. Wani mai walda ya ce ya gyara mini shi ya koma kamar ba a taɓa ba, na ce ya bari. Shekara shida na ƙara da motar nan. Kullum da safe in na ɗaga kujera zan share ƙasa, sai na gan shi.